Don ba ka son The Beatles ba a ce kunnenka ya toshe ba

Tambaya: "Ranka ya daɗe, ni mai sauraren kiɗan rok ne. Kwanaki a majalisarmu na ce The Beatles ba sa motsa ni, kuma ina ganin an zuzuta Led Zeppelin fiye da kima. Abokai suka yi mini ca, wai ban san kiɗa ba. Shin kunnena ne ke da matsala? Kai da ka daɗe a harkar sauti, kana da wani ra'ayi da ya saɓa wa na jama'a?"

Ƙanena, kunnenka lafiya lau yake. Sai dai maganganu biyun da ka yi ba nauyinsu ɗaya ba. Ta Led Zeppelin tana da hujjar da ta fi wadda kake zato ƙarfi, ta The Beatles kuwa sai an yi mata gyara. Na daɗe ina aikin haɗa sauti, ina kuma koyar da jita, saboda haka abin da zan gaya maka daga saurare ya fito.

Da farko ka tambayi abokan naka wa ya naɗa waɗannan ƙungiyoyi sarautar da ba a taɓawa. Yawancin abin da ake maimaitawa a kan "manyan makaɗan rok" daga alƙalamin 'yan jaridun Amurka da Ingila ya samo asali, musamman mujallar Rolling Stone da aka kafa a 1967. A 2003 mujallar ta fitar da jerin faifai 500 da ta ce sun fi kowanne a tarihi. Faifan The Beatles mai suna Sgt. Pepper ne ya zo na ɗaya, kuma faifansu huɗu ne a cikin goman farko. A 2020 aka sake jerin da sababbin masu zaɓe, aka shigo da mata da baƙaƙen fata da matasa fiye da da. Sai Sgt. Pepper ya gangara zuwa na 24, faifan Marvin Gaye na 1971 ya hau na ɗaya, The Beatles suka tsira da faifai ɗaya tak a goman farko. Ba abin da ya canza a cikin faifan tsakanin 2003 da 2020, masu jefa ƙuri'a ne suka canza. Ƙari a kan haka, a watan Satumba na 2023, Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar, ya fitar da littafin hira da mawaƙa bakwai, dukkansu Turawa maza. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa mata da baƙaƙen fata ba su kai waɗannan iya bayyana tunani ba. Nan da nan aka cire shi daga kwamitin gidauniyar Rock and Roll Hall of Fame, wadda da shi aka kafa ta. Mutumin da ya shafe shekaru kusan hamsin yana da babbar murya wajen tantance wa ya isa, wa bai isa ba, tunaninsa ke nan. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki jerin mujalla a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba.

Amma fa kada wannan ya sa ka zarce a kan The Beatles. Kana da damar cewa ba sa motsa ka, ba wanda zai yi maka dole a kan abin da ranka ke so. Abin da ba ka da damar faɗa shi ne ba su yi komai ba. Dalilin da ya sa matashin yau yake jin su kamar kiɗa gama-gari shi ne an kwaikwaye su har abin ya zama ruwan dare. Kafin su, abin da aka saba a kasuwar waƙa shi ne wani ya rubuta, wani ya rera, wasu daban su buga. Su ne suka mayar da shi al'ada ƙungiya ta rubuta kayanta da kanta. Tsakanin 1960 da 1962 sun yi ta zuwa birnin Hamburg na Jamus suna kiɗa na sa'o'i a kowane dare, can hannunsu ya faɗa. A watan Agusta na 1966 suka daina yawon wasa gari-gari, domin ihun 'yan kallo ya kai ba sa jin abin da suke bugawa, suka koma situdiyo tare da George Martin, mai shirya musu faifai. A nan suka yi abin da mu masu aikin sauti muke cin gajiyarsa har gobe: juya tef ya yi baya, yanka shi a liƙa ya riƙa zagayawa, ninka murya, matso da makirufo kusa da fatar ganga. Sgt. Pepper da na'ura mai layi huɗu kacal aka ɗauke shi, ana tattara layuka a zuba a wata na'urar don a samu wurin ƙara wani abu. Yau yaro da kwamfutar cinya yana da layi ɗari.

Ga nawa ra'ayin da ba a so a ji a kansu. Sgt. Pepper ba shi ne faifansu mafi kyau ba. Ado ya yi masa yawa, kuma akwai waƙoƙi a cikinsa da in ka tuɓe musu ado ba abin da zai saura. Revolver na 1966 ya fi shi ƙashi. Na biyu kuma, wanda aka fi rainawa a cikinsu, Ringo Starr, shi ne na fi girmamawa. Ana cewa ya taki sa'a ne kawai ya faɗa cikin gwanaye. Mai faɗin haka bai taɓa zama ya yi ƙoƙarin buga abin da Ringo ya buga ba. Bahago ne, amma yana kaɗa gangunan da aka jera wa mai hannun dama, saboda haka in zai zagaya ganguna da hagu yake farawa, abin ya fito da wata 'yar tangarɗa mai daɗi da ba a iya kwaikwayo da gangan. Ba ya gaggawa, ba ya nawa, ba ya cusa kansa inda ba a neme shi ba. A duk faifan ƙungiyar sau ɗaya ya yi kiɗan ganga shi kaɗai, a Abbey Road na 1969, shi ma sai da aka lallashe shi. Ka saurari "Come Together", ka manta da murya, ka bi ganga kawai. Za ka tarar rabin waƙar a hannunsa take.

Yanzu mu zo kan Led Zeppelin, inda nake tare da kai, amma ba don dalilin da ƙila kake tunani ba. Wajen iya bugu ba a ja da su. Jimmy Page mai jita da John Paul Jones mai jitar bes sun yi shekaru suna kiɗan haya a situdiyoyin Landan kafin a kafa ƙungiyar a 1968, sun san aikin ciki da bai. Inda aka zuzuta su shi ne wajen ƙirƙira. Kaso mai yawa na abin da ya ɗaga su a faifansu biyu na farko kayan wasu ne, galibi tsofaffin makaɗan buluz baƙaƙen fata na Amurka, aka kuma buga faifan ba tare da sunan wasu daga cikin masu kayan ba. "Whole Lotta Love" ta 1969 ta ɗebi baitoci daga waƙar da Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1962. Sai a 1985 Dixon ya shigar da ƙara, aka sasanta a wajen kotu, aka ƙara sunansa. Kafin nan, a farkon shekarun 1970, masu riƙe da haƙƙin waƙoƙin Howlin' Wolf sun yi ƙara a kan "The Lemon Song", ita ma aka sasanta. "Dazed and Confused" kuwa Jake Holmes ne ya fara yin ta a 1967, ya yi ƙara a 2010, daga baya sunansa ya bayyana a jikin faifai. Adalci ya sa in faɗa maka cewa shari'ar da ta fi yin amo, ta "Stairway to Heaven", su suka ci ta a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, kuma ina ganin hukuncin daidai ne, domin gangarowar sautin da ake rigima a kanta tsohuwa ce ƙwarai, ba ta kowa ba ce.

Masoyansu za su ce maka ai haka buluz yake, kowa aro yake yi a wurin kowa. Gaskiya ne, amma rabinta. A gidan makaɗanmu ma yaro yakan gaji kari daga ubangidansa, sai dai yakan ambaci sunan ubangidan a cikin waƙa, jama'a kuma sun san inda abin ya fito. Matsalar tana farawa ne ranar da ka rubuta sunanka kai kaɗai a takardar mallaka, faifai ya sayu miliyoyi, kuɗin ya riƙa shiga aljihunka, mai abin yana can Chicago yana wasa a ƙananan gidajen rawa. Wannan ya wuce aro. Ka kwatanta da The Rolling Stones, waɗanda su ma ba fes hannunsu yake ba, amma sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, suka yi tattaki zuwa situdiyon Chess a Chicago a 1964, kuma a 1965 da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka suka tsaya kai da fata sai an sa Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa suna kallonsa yana waƙa. Ladabi ke nan, kuma a waƙoƙin nan Led Zeppelin ba su nuna irinsa ba sai da lauya ya shigo.

To me ya rage wa Led Zeppelin wanda nasu ne na kansu? John Bonham, mai ganga. A nan ne ra'ayina ya fi rabuwa da na jama'a, ba a kansu kaɗai ba, a kan kiɗan rok baki ɗaya. Mutane suna zuba wa mai jita ido saboda shi ke tsaye a gaba yana girgiza gashi, alhali rok kiɗan ganga ne da jitar bes. In suka zauna daidai, mai jita ko da matsakaici ne zai yi kyau. In suka karkace, ko Jimi Hendrix ka kawo ba zai ceci waƙar ba. Bonham yana da nauyin ƙafa, yana kuma jinkirta bugunsa kaɗan bayan lokaci, abin da ke sa kiɗan ya yi kamar yana jan ka. Ya koyi wannan ne daga sauraren makaɗan jaz da na James Brown da na Motown. A faifansu na huɗu, na 1971, akwai waƙar da aka ajiye gangunansa a ƙasan matattakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataya makirufo biyu daga sama, ɗakin kansa ya zama kayan kiɗa. Masu hip-hop sun yi ta yankar wannan bugun suna gina waƙoƙi a kansa. Babbar shaida kuwa su da kansu suka ba da ita: Bonham ya rasu a watan Satumba na 1980 yana da shekara 32, a watan Disamba suka sanar sun watse. Ƙungiyoyi nawa ne suka sake mawaƙi ko mai jita suka ci gaba? Waɗannan sun san ba su da abin da za su tsaya a kai.

Haka abin yake ga The Rolling Stones da mai gangarsu Charlie Watts, mutumin da zuciyarsa ke wajen jaz har ya rasu a 2021. Haka ga Nirvana. Kowa Kurt Cobain yake ambato, kuma ya cancanta, domin yana da baiwar karin waƙa ko da yake ba gwanin jita ba ne. Amma Dave Grohl, wanda ya buga ganga a faifansu na 1991, ya faɗa da bakinsa cewa salon bugun nan daga makaɗan disko ya kwaso shi, irin su Gap Band da Cameo da Tony Thompson. Faifan da ake cewa ya zo ya share kiɗan rawa, ashe ƙashin bayansa kiɗan rawa ne.

Manyan makaɗan rok ɗin sun san wannan fiye da masoyansu, shi ya sa wasunsu suka biyo ganga har Legas. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya yi faifai tare da Fela Kuti a 1971, ya ratso Sahara da mota, ya zauna a Legas ya buɗe situdiyo. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan The Beatles, ya zo ya ɗauki faifan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa. Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya kunna masa abin da ya ɗauka ya ji babu komai nasu a ciki. McCartney ya sha ba da labarin yadda kiɗan Fela ya sa shi hawaye a daren da ya je kallonsa. Wanda ke zaune a kan gangunan ƙungiyar Fela a lokacin shi ne Tony Allen, kuma ni a wurina ba a yi mai ganga a rok da ya kai shi ba, har da Bonham ɗin.

Sauran zan bi su da sauri. The Rolling Stones sun yi faifai huɗu a jere tsakanin 1968 da 1972 waɗanda ba su da na biyu, bayan nan sai jefi-jefi, yawanci suna ne ke ci. Queen ƙungiyar waƙa ɗaiɗai ce. Muryar Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ba ta da tsara, kuma minti ashirin ɗin da suka yi a filin Wembley ranar 13 ga Yuli 1985 darasi ne ga duk mai hawa dandamali. Amma ka ɗauki faifansu ɗaya ka saurara daga farko zuwa ƙarshe, za ka ji cike-gurbi da yawa. Ba banza ba faifansu da ya fi sayuwa, wanda shi ne ya fi kowane faifai sayuwa a tarihin Birtaniya, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi ne na 1981. Kuma ni ban manta cewa a 1984 sun je sun yi wasa a Sun City ta Afirka ta Kudu ba, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Pink Floyd: The Dark Side of the Moon na 1973 aikin sauti ne da har yanzu nake gwada lasifika da shi, The Wall na 1979 kuwa ya yi tsawo, kuma kukan mutum ɗaya ne da aka shimfiɗa a faifai biyu. Hendrix kaɗai ne duk yabon da aka yi masa nake ganin bai kai ba.

Akwai wani dalili da nake zaton yana cikin abin da ya sa The Beatles ba sa motsa ka, kuma ba aibu ba ne. Mu kunnenmu a kan magana aka raine shi. In ana musu tsakanin masoyan Shata da na Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, a kan azanci ake yi, da zaɓen kalma, da habaici, da yadda aka ɗora baiti a kan baiti. Kalangu ma magana yake yi, yana bin hawa da saukar murya. A rok kuwa sau da yawa kalmomi ba su ne kan gaba ba, murya wani kayan kiɗa ce kawai a cikin sauran. Waƙoƙin The Beatles na farko-farko, in ka fassara su, 'yan kalmomin soyayya ne da ba za su ƙosar da wanda ya saba da Narambaɗa ba. Bugun ma a fili yake: ƙirga huɗu, a doka a na biyu da na huɗu. Wanda ya tashi yana jin ganguna suna saƙa uku a cikin biyu zai iya jin wannan ya yi masa sauƙi da yawa. Saboda haka in za ka ba su haƙƙinsu, ka nemi daɗinsu a inda suka ajiye shi: yadda muryoyi uku ke haɗuwa, yadda bes ɗin McCartney ke yin tasa waƙar a ƙarƙashi, yadda sauti ke juyawa ya faɗa inda ba ka zata ba. In ka nema a nan ba ka samu ba, shi ke nan, ba naka ba ne.

Ra'ayina na ƙarshe shi ne wanda ya fi jawo mini musu. Jitar rok mafi rai a yau ba a Landan take ba, ba kuma a Los Angeles ba. Tana Nijar. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, bahago kamar Hendrix, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin wani kamfani a waje ya ji labarinsa. Ka saurari Afrique Victime na 2021, ka ji yadda mai gangarsa ke ƙara wuta sannu a hankali har waƙar ta kai inda ba ka tsammani. Akwai Bombino na Agadas, akwai Etran de L'Aïr da suka yi shekaru suna kiɗan biki a garin. Duk abin da ake nema a rok yana nan: jita mai lantarki, bes, ganga, fushi a kan zalunci. Amma da Tinariwen na Mali suka ci kyautar Grammy a 2012, a rukunin "kiɗan duniya" aka ba su, Bombino ma a nan aka sa sunansa. Da a Manchester aka haifi waɗannan mutane, da ba wanda zai yi shakkar rukunin da za a sa su. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin yana hana yaranmu ganin cewa abin da suke nema a ƙetare yana maƙwabtansu.

In ka koma majalisa, kada ka ce musu "an zuzuta su" ka yi shiru, wannan kowa zai iya faɗa. Ka kunna musu waƙar Muddy Waters ta 1962, ka bi ta da ta Led Zeppelin ta 1969, ka bar su su yi hukunci. Sannan ka kunna "Come Together" ka ce kowa ya bi ganga. Sharaɗi ɗaya ne: kada a yi wannan da lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da ƙasan sauti, tana yanke bes da babbar gangar ƙafa kusan gaba ɗaya, ta bar maka murya da ƙarar jita. Ku nemi lasifika mai ɗan girma ko abin sawa a kunne mai kyau, ku kuma saurari waƙar har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki.